Abin da ya sa ruwa ke cin hanyoyin kwalta, da yadda ake gwada su

A duk shekara idan damina ta ja baya, masu ababen hawa a ƙasashen Afirka ta Yamma kan tarar da ramuka a hanyoyin da watanni kaɗan da suka wuce suke sumul. Wasu daga cikin hanyoyin ba su ma cika shekara biyu da buɗewa ba.

Galibi akan ɗora laifin a kan ɗan kwangila, ko a kan manyan motoci masu ɗaukar kayan da ya wuce ƙima. Sau da yawa zargin na da tushe.

To sai dai injiniyoyin hanya sun daɗe da gano cewa akwai wata ɓarna da ke farawa daga cikin jikin kwaltar kanta, inda ido ba ya gani, wato ruwa ya shiga tsakanin kwalta da tsakuwar da take riƙe da ita, ya raba su.

Wannan ne ya sa a ƙasashe da dama ba a amincewa da haɗin kwaltar da za a shimfiɗa a babbar hanya sai an kai samfurinsa ɗakin gwaje-gwaje, an jiƙa shi, an dafa shi, wani lokaci ma an daskarar da shi, sannan an auna ƙarfin da ya rage masa.

Mene ne a cikin kwaltar hanya?

Abin da jama'a ke kira kwalta a kan titi, mafi yawansa dutse ne. Kimanin kashi 95 cikin 100 na nauyin shimfiɗar fasasshen dutse ne da yashi da ƙurar dutse. Kimanin kashi 5 ne kawai ainihin baƙar kwaltar, wadda ake samu daga gindin ɗanyen mai bayan an tace fetur da kananzir da gas a matata.

Sunan ya samo asali ne daga kalmar Turanci ta baƙin ruwan da ake tatsowa daga gawayin kwal, wanda da shi aka riƙa shafe hanyoyi a farkon ƙarni na 20. Daga baya aka koma ga wadda ake samu daga man fetur, amma sunan ya zauna.

A wurin haɗi akan gasa duwatsun su bushe, a zuba musu kwaltar da aka narkar, a gauraya a zafin da ya kai kusan digiri 150 zuwa 160 a ma'aunin Salshiyas. Kowace ƙwayar tsakuwa takan samu lulluɓi na kwalta wanda bai kai kaurin takarda ba. Wannan siririn lulluɓi shi ne ke riƙe da hanyar baki ɗaya.

Duk yadda rola ta danne shimfiɗar, akan bar 'yan ƙananan kogunan iska a ciki. Idan sun yi kaɗan ƙwarai, kwaltar kan tsattsafo sama lokacin zafi, hanya ta lotsa. Idan kuma sun haura kusan kashi 8 cikin 100, sai su fara haɗuwa da juna, su zama hanyar da ruwa zai bi ya shiga ciki ya kwanta.

Yadda ruwa ke ƙwace dutse daga hannun kwalta

Duk macen da ta taɓa yin ƙuli-ƙuli ta san abin da ke faruwa idan aka yayyafa ruwan zafi a kan markaɗaɗɗiyar gyaɗa ana juyawa. Garin gyaɗar yakan kama ruwan, ya saki man, man ya taso sama.

Kusan haka lamarin yake a cikin hanya. Kwalta dangin mai ce, kuma akwai duwatsun da suka fi son ruwa a kan mai. Da zarar ruwa ya samu ƙofar da zai taɓa fuskar irin wannan dutse, sai ya riƙa kutsawa ƙarƙashin lulluɓin yana ɗaga shi, har dutsen ya koma tsirara.

Duwatsun da suka fi wannan hali su ne masu yawan sinadarin silika, irin su giranit da farin dutsen ƙanƙara da ake samu cikin tsakuwar kogi. Dutsen da ake yin siminti da shi, irin na Kalambaina a Sakkwato, ko Ashaka a Gombe, ko Malbaza a Jamhuriyar Nijar, ya fi riƙe kwalta, ko da yake bai kai giranit tauri ba, kuma taya kan goge fuskarsa ta yi santsi.

Wannan batu ya shafi arewacin Najeriya kai tsaye, domin yawancin wuraren fasa dutse da ke kewayen Abuja da Kaduna da Kano giranit da danginsa suke fasawa.

Tayoyin manyan motoci kan hanzarta ɓarnar. Idan taya ta hau kan shimfiɗar da kogunanta ke cike da ruwa, takan matse ruwan ciki, idan ta wuce kuma ta zuƙo shi. Wannan matsi da zuƙa na faruwa dubban lokuta a rana guda, kamar ana wanke duwatsun da famfo.

Yanayin ƙasashe masu zafi na da nasa rabon. A lokacin bazara zafin fuskar kwalta na iya haura digiri 60, abin da ke sa ɓawon sama ya tsufa da wuri, ya bushe, ya tsattsage. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Damina na zuwa ne ta tarar an riga an buɗe mata ƙofa.

Alamun cutar su ne tsakuwa ta fara zubewa daga fuskar hanya, farar ƙura ta riƙa fitowa daga tsagogi bayan ruwan sama, sawun taya ya lotsa, daga ƙarshe rami ya buɗe. Idan aka huda hanyar aka ciro samfuri, akan tarar da ƙasan shimfiɗar ya koma tarin tsakuwa fara, babu abin da ke riƙe da ita.

Gwajin tukunya da na kwalba

Mafi sauƙin gwaje-gwajen shi ne na tafasawa. Akan ɗebi kimanin giram 250 na haɗin tun ba a danne shi ba, a zuba cikin tafasasshen ruwa, a bar shi ya yi minti goma. Daga nan sai a tsame, a shanya a kan farar takarda, a duba yawan duwatsun da suka rasa lulluɓinsu.

A Turai kuma akwai gwajin kwalba. Akan zuba tsakuwar da aka lulluɓe da kwalta cikin kwalabe masu ruwa, a ɗora su a kan na'urar da ke mirgina su, a duba bayan sa'a shida, a sake dubawa bayan sa'a 24.

Amfanin waɗannan gwaje-gwaje shi ne arha da sauri, domin ana iya yin na tafasawar a bakin wurin aiki. Rauninsu kuwa shi ne hukuncin na ido ne. Ma'aikata biyu na iya duban samfuri guda, su ba da maki daban. Haka kuma ba sa nuna abin da zai faru bayan an danne haɗin, motoci sun fara hawa.

Gwajin Marshall

A shekarar 1939 wani injiniya mai suna Bruce Marshall, na hukumar hanyoyin jihar Mississippi a Amurka, ya ƙirƙiro hanyar tsara haɗin kwalta wadda rundunar injiniyoyin sojan Amurka ta inganta lokacin yaƙin duniya na biyu, domin gina filayen jiragen sama.

Wannan tsari ne ya fi yaɗuwa a ƙasashe masu tasowa, kuma a kansa aka gina ƙa'idojin haɗin kwalta da ke cikin kundin ayyukan hanyoyi da gadoji na gwamnatin tarayyar Najeriya na 1997.

Akan zuba haɗin mai zafi cikin wani gwangwanin ƙarfe mai faɗin kusan santimita 10, a daka shi da guduma mai nauyin kilo huɗu da rabi, sau 50 ko 75 a kowace fuska, gwargwadon yawan motocin da ake sa ran za su bi hanyar. Sai a tsoma samfurin cikin ruwa mai zafin digiri 60 na kimanin rabin sa'a, a matse shi da inji har ya gaza.

Don auna illar ruwa, akan bar wani rukunin samfurin cikin ruwan zafin har sa'a 24 kafin a matse shi. Ƙa'idoji da yawa na neman wanda ya kwana a ruwa ya riƙe aƙalla kashi 75 cikin 100 na ƙarfin ɗan uwansa.

Matsalar ita ce samfurin Marshall yakan samu danna sosai, kogunan iskarsa ba su wuce kusan kashi 4 cikin 100 ba, saboda haka ruwa ba ya shiga cikinsa da kyau. Haɗi na iya cin wannan jarrabawa a ɗakin gwaji, amma ya faɗi a kan hanya, inda rola ba ta danne shi kamar yadda guduma ta yi ba.

Gwajin Lottman

A shekarun 1970 jihohin Amurka da dama sun fara ganin sababbin hanyoyi na lalacewa tun ba su kai ko'ina ba. Robert Lottman, malami a jami'ar Idaho, shi ne ya jagoranci binciken da ya fito da rahoto a 1978, sannan wani a 1982 bayan an shafe shekara biyar ana bibiyar wasu hanyoyi don a ga ko hasashen ɗakin gwaji ya yi daidai.

Daga aikinsa da na wasu masana biyu, Tunnicliff da Root, aka haɗa gwajin da ƙungiyar hukumomin hanyoyin jihohin Amurka, AASHTO, ta ba lamba T 283.

A wannan gwaji akan haɗa samfuri shida, da gangan a bar musu kogunan iska kusan kashi 7 cikin 100, wato kwatankwacin yadda sabuwar hanya take a ranar da aka buɗe ta. Uku akan ajiye su a bushe.

Sauran ukun akan saka su cikin tukunya mai ruwa, a zuƙe iskar ciki da inji har ruwa ya cika kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na kogunan. Sai a naɗe su da leda, a saka a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifili na aƙalla sa'a 16. Daga nan a kai su ruwa mai zafin digiri 60 su yi sa'a 24.

A ƙarshe akan kawo duka shidan zuwa digiri 25, a kwantar da kowanne a gefensa tsakanin ƙarafa biyu, inji ya danna shi da saurin milimita 50 a minti har ya tsage biyu.

Daga nan sai lissafi. A misali, idan busassun sun jure nauyin kilo 1,000 kafin su tsage, jiƙaƙƙun kuma suka tsage a kilo 750, to haɗin ya riƙe kashi 75 cikin 100 na ƙarfinsa. Lottman ya ba da shawarar kada a karɓi ƙasa da kashi 70. Tsarin Superpave, wanda ya fito a 1993 daga wani shirin bincike na dala miliyan 150 da majalisar dokokin Amurka ta amince da shi a 1987, ya ɗaga mizanin zuwa kashi 80.

Ma'aikacin kan kuma buɗe tsagaggen samfurin ya duba cikinsa. Idan duwatsun ne suka fashe kuma suna nan baƙi, kwaltar ta riƙe amana. Idan kuwa sun fito fari fat, ruwa ya yi aikinsa.

Mai karatu na iya tambayar amfanin firiza ga hanyar da za a gina a Katsina ko Maraɗi, inda ƙanƙara ba ta daskarewa a ƙasa. Ruwa idan ya daskare yakan kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, ya tura bangon kogunan daga ciki. Masu goyon bayan matakin na cewa wannan hanya ce ta jawo wahalar shekaru cikin kwana biyu, ko da a ƙasar da ba ta da hunturun Turai. Wasu kuma na ganin ya yi tsanani ga ƙasashe masu zafi. A kwatankwacin gwajin da hukumar ƙa'idoji ta ASTM ta tsara, daskarewar zaɓi ce.

Wilin Hamburg

A shekarun 1970 kamfanin mai na Esso a birnin Hamburg na ƙasar Jamus ya ƙera wata na'ura da ke haɗa ruwa da zafi da nauyin taya a lokaci guda.

Akan nutsar da samfurin cikin ruwa mai zafin kusan digiri 50, sannan wani wilin ƙarfe mai faɗin milimita 47, ɗauke da nauyin kusan kilo 72, ya riƙa kai-komo a kansa har sau 20,000. Wannan kan ɗauki fiye da sa'a shida, yayin da kwamfuta ke rubuta zurfin sawun da wilin ke bari.

Da farko sawun kan ƙaru a hankali. Idan haɗin mai rauni ne, akwai lokacin da zurfin zai fara ƙaruwa da gudu, ruwan tankin ya gurɓace da ƙurar dutse. Wannan ne lokacin da kwalta ta saki tsakuwa, kuma yawan zagayen da aka yi kafin a kai nan shi ne abin da injiniyoyi suka fi dubawa.

Amurkawa sun ɗauko na'urar ne a farkon shekarun 1990, bayan wata tawagar jami'ansu ta ziyarci Turai a 1990. Jihar Texas ta sanya ta cikin sharuɗɗan kwangila, inda ba a yarda sawun ya wuce milimita 12.5 ba bayan zagaye 10,000 ko 15,000 ko 20,000, gwargwadon taurin kwaltar da aka yi amfani da ita.

Idan haɗi ya faɗi jarrabawa

Faɗuwa ba ta nufin a watsar da dutsen. Maganin da ya fi daɗewa shi ne farar ƙasa wadda aka ƙona aka kashe da ruwa, a zuba kimanin kashi 1 zuwa ɗaya da rabi cikin 100 na nauyin duwatsun. Takan lulluɓe fuskar giranit da sinadarin kalsiyam, wanda kwalta ke kamawa da kyau, ta kuma kashe kaifin laka da ta maƙale a jikin tsakuwa. A wasu wurare akan yi amfani da siminti a madadin wani ɓangare na ƙurar dutse.

Akwai kuma sinadarai na ruwa da ake zubawa cikin tankin kwalta, galibi ƙasa da kashi 1 cikin 100 na nauyinta. Ƙwayoyinsu na da kai biyu, ɗaya ya kama dutse, ɗaya ya narke cikin kwalta. Sai dai wasunsu kan rasa ƙarfi idan kwaltar ta daɗe a tanki tana zafi.

Bayan an ƙara maganin, akan sake gwajin daga farko, domin sinadarin da ya yi aiki da dutsen wani wuri ba lalle ne ya yi da na wani ba.

Inda gwajin ya gaza

A watan Fabrairun 2003 masana sun yi babban taro a birnin San Diego na Amurka a kan wannan matsala kaɗai, kuma cikin abubuwan da suka fito fili akwai cewa babu gwaji guda da ke hasashen abin da zai faru a hanya ba tare da kuskure ba.

An sha samun ɗakunan gwaji biyu su ba da sakamako daban a kan haɗi guda. Haka kuma lissafin kaso na iya yaudara, domin haɗin da ba shi da ƙarfi a bushe, ba shi da ƙarfi a jiƙe, na iya samun kashi 90. Shi ya sa wasu hukumomi ke ƙara sharaɗin cewa jiƙaƙƙen samfuri sai ya kai wani ƙarfi da aka ƙayyade.

Babban giɓin kuwa na tsakanin ɗakin gwaji da wurin aiki ne. Samfurin da aka kai gwaji an wanke duwatsunsa, an busar da su a tanderu. A wurin aiki ana iya ɗebo tsakuwar da ta kwana a ruwan sama, ko wadda laka ta ɓata, ko a shimfiɗa haɗin da ya huce a bayan tifa saboda nisan tafiya, yadda rola ba za ta iya danne shi ba. Wannan ne dalilin da ya sa ƙa'idojin aiki ke neman a riƙa ɗibar samfuri daga abin da injin haɗi ke fitarwa, a kuma huda hanyar bayan an gama a auna dannuwarta.

Akwai kuma ɓarnar da gwajin haɗi bai shafa ba. Ambaliyar da ke yanke hanya ta tafi da kwalbati matsala ce ta magudanan ruwa. Hanyar da lambatunta suka toshe da shara, ruwa ya jiƙa jar ƙasar da ke ƙarƙashinta, za ta lotsa ko da kwaltar sama ta ci kowace jarrabawa. Tun farkon ƙarni na 19 injiniyan nan ɗan Sikotlan, John McAdam, ya nuna cewa ƙasar da ke ƙarƙashi ita ce ke ɗaukar nauyi, kuma tana iya yin hakan ne muddin tana bushe.

Nauyin kaya ma na da nasa. Gwajin da aka yi a jihar Illinois daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa idan aka ninka nauyin da ke kan gatarin mota sau biyu, ɓarnar da yake yi wa hanya kan ninka kusan sau 16. Man gas da ke zuba daga motar da ta lalace a kan titi kuma yakan narkar da kwalta, ya bar wa ruwa ƙofa.

Muhawarar kwalta da kankare

Tun bayan da ya zama ministan ayyuka na Najeriya a 2023, David Umahi ya riƙa matsa wa 'yan kwangila su koma gina manyan hanyoyi da kankare, yana mai cewa hanyoyin kwalta ba sa daɗewa. Masu goyon bayan matakin na nuni da cewa ƙasar na sarrafa siminti a gida, alhali mafi yawan kwaltar da take amfani da ita daga waje ake shigo da ita, duk da tarin ɗanyar kwalta da ke ƙarƙashin ƙasa a jihohi irin su Ondo da Ogun.

To amma kankare ma ba ya tsira idan ruwa ya kwanta a ƙarƙashinsa, domin tayoyi kan matso ruwan da ƙasa ta wuraren haɗi, su bar rami a ƙasan shimfiɗar har ta karye. Ban da haka, dubban kilomitocin hanyoyin kwalta da ake da su za a ci gaba da gyara su da kwalta.

Gwajin Lottman na ɗaukar 'yan kwanaki, na Hamburg kuma yini guda bayan an haɗa samfuri, kuma kuɗinsu ƙalilan ne idan aka kwatanta da kuɗin sake shimfiɗa kilomita ɗaya na hanya. Ga 'yan majalisa da 'yan jarida da ƙungiyoyin direbobi masu bin diddigin ayyukan hanya, tambayoyin da za a iya yi wa hukuma a bayyane suke: daga wane wurin fasa dutse aka ɗebo tsakuwar, wane gwajin ruwa aka yi wa haɗin, kashi nawa ya samu, kuma wa ya sa hannu a takardar sakamakon.